Yadda Ake Yi Wa Ɗaki Fenti Mai Duhu Ba Tare Da Ya Koma Kogo Ba

Ranar da surukata ta fara shigowa falona bayan an gama fenti, a bakin ƙofa ta ja ta tsaya, ko takalmi ba ta cire ba, ta ce, "Ikon Allah! Gobara kuka yi ne?" Na durƙusa na gaishe ta, na ce, "A'a Hajiya, ado ne." Ta dubi bango, ta dube ni, ta ce to Allah ya kyauta. Kuma gaskiyarta, domin wancan aikin bai yi ba. Ruwan gawayi na sa aka shafa wa bango huɗu a tsakiyar hunturu, a kan tsohuwar filasta mai tudu da kwari, ga ƙwan fitila ɗaya tal a tsakiyar silin. Da rana ɗakin kamar rumbu, da dare kamar rijiya. Sai da shekara ta zagayo na sake aikin daga tushe, da launin nan dai bai canza ba. Yanzu in ta zo, a falon take cewa a shimfiɗa mata darduma, wai idonta ya fi hutawa a nan.

Abin da na koya tsakanin aikin farko da na biyu shi ne farin fenti mai rufin asiri ne, mai duhu kuwa ɗan tonon silili ne. Duk inda magini ya yi ha'inci, duk inda mai fenti ya yi gaggawa, duk inda ƙura ta sauka, sai ya nuna. Saboda haka rabin aikin, ko ma fiye, ana yin sa ne tun ba a buɗe bokiti ba.

Launukan da nake nufi su ne masu duhu marasa hayaniya, waɗanda ba sa faɗa da kowane irin kaya: toka mai duhu, ruwan gawayi, ruwan ƙasa mai duhu, da shuɗin da ya kusa komawa baƙi, irin na rinin baba da ake yi a marinar Ƙofar Mata. Ba kuma baƙon abu ba ne a wurinmu, ko da yake mun saba da ruwan madara har muna ganin kamar da shi aka halicci bango. Kakanninmu da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, suke gyara daɓe da bango, ta bar wani ruwan ƙasa mai duhu da sanyin ido, a jera tasoshi da kwalla a gabansa suna walƙiya. Dabarar ke nan har yau: bango ya yi shiru, kaya su yi magana.

Da farko ki san ɗakin

Kafin ki je neman launi, ki ɗauki kwana biyu kina lura da ɗakin. Ta ina taga take kallo? Tagar gabas tana kawo haske da hantsi, ta yi sanyi da yamma. Tagar yamma kuwa daga azahar zuwa la'asar sakaliya wuta take zubowa, haske mai ja-ja da ke sa toka ta koma kamar ruwan ƙasa, kuma bangon da rana ke duka kullum shi ne zai fara koɗewa. In katangar maƙwabta ta tokare tagar, ko rumfar mota ta rufe ta, to ki ƙaddara ɗakin ba shi da hasken rana, da fitila zai rayu.

A nan ne za ki tambayi kanki abin da mutanen ƙasashen da wuta ba ta ɗaukewa ba sa tambaya: in NEPA ta ɗauke, da me nake haska ɗakin nan? Farin bango yana maido da hasken 'yar fitilar caji ya baza shi ko'ina. Bango mai duhu shanye shi yake yi. In ba ki da sola ko inbata, kuma tagar ƙarama ce, kada ki yi wa bango huɗu. Ki zaɓi ɗaya, wanda talabijin ke jikinsa ko wanda kan gado ke jingine da shi, ki bar sauran da haske. In kuwa akwai taga babba da wutar da za a dogara da ita, bango huɗu ya fi kyau nesa ba kusa ba, don kusurwoyi ɓacewa suke yi, ido ya kasa gane inda ɗakin ya ƙare. Shi ya sa maganar da ake yi cewa fenti mai duhu yana ƙanƙanta ɗaki ba kullum take gaskiya ba.

Ɗakin barci, falon maigida, ɗakin karatu, banɗakin baƙi, duk suna karɓarsa. Kicin ban ba ki shawara ba, kina buƙatar ganin abin da kike yankawa. Bangon gida ta waje kuma kada ki soma, musamman bangon yamma: launi mai duhu yana zuƙar zafin rana, a watan Afrilu za ki kwana cikin tanda. A cikin ɗaki wannan ba wata damuwa ba ce, tunda rana ba ta dukan bangon kai tsaye sai ɗan abin da ya shigo ta taga.

In gidan haya ne, ki nemi izinin mai gida tukuna, domin mayar da bangon fari ranar tashi aiki ne ja.

Zaɓen launi da gwada shi

Babu toka zalla. Kowace toka akwai wani launi da ke ɓoye a ƙarƙashinta, wata shuɗi, wata kore, wata ja-ja, kuma ba ya fitowa sai an shafa ta a bango mai faɗi. Hanyar gane shi ita ce ki ɗora katin launin a kan farar takarda, ki jera uku ko huɗu kusa da juna. Nan take za ki ga wannan ta karkata shuɗi, waccan ta karkata ƙasa.

Wanne za ki ɗauka? Ki dubi abin da ba za ki canza ba, wato tayil da kujeru. In tayil ɗinki ruwan madara ne ko ruwan ƙasa, kamar yadda yake a yawancin gidajenmu, kuma kujerun masu katako ne ko ruwan zinari, to ki nemi toka mai ɗumi, wadda ta karkata ƙasa. In tayil ɗin fari ne ko toka-toka, ruwan gawayi mai ɗan shuɗi zai zauna. Ni dai ra'ayina, a ƙasar da jar ƙura ke sauka wata uku a jere, mai karkata ƙasa ya fi haƙuri, don ƙurar ba ta fita a jikinsa kamar yadda take fita a kan mai shuɗi.

A bayan katin wasu kamfanoni za ki ga lamba da aka rubuta LRV a gabanta, daga 0 zuwa 100. Tana nuna yawan hasken da launin ke maidowa: 0 baƙi ƙirin, 100 fari fat. Abin da ya yi ƙasa da 20 ya shiga sahun masu duhu. Ƙasa da 10 kuma ya kusa baƙi, sai ɗaki mai wadatar haske.

Kada ki yanke hukunci da kati, balle hoton waya. Ki sayi ƙaramin gwangwani na launi biyu ko uku da suka kwanta miki. Ki samo farin kwali babba ko guntun silin, kamar ƙafa 2 da 2, ki shafa masa hannu biyu, wato shafi sau biyu, ya bushe. Sai ki riƙa yawo da shi: jikin taga da hantsi, kusurwar da ta fi duhu da la'asar, bayan kujera da dare an kunna fitila, sannan da fitilar caji kaɗai. Kwana uku ana wannan. Amfanin kwali a kan shafawa a bango shi ne tsohon fentin da ke kewaye ba zai ruɗi idonki ba, kuma ba ki bar tabon da zai fito daga baya ba.

Da kin tsayar da ɗaya, ki rubuta sunansa da lambarsa. Ki sa a haɗa miki da na'ura a shagon kamfani. Dulux da Berger duk suna da shagunan da ake wannan haɗin. Abin da za ki guje wa shi ne mai fenti ya ce, "Hajiya, ai ba sai an kashe kuɗi ba, farin bokiti za a sayo in zuba masa kala." Wannan dabarar tana yi a launi mai haske. A mai duhu ba ta yi, domin farin fenti cike yake da farin sinadari, duk baƙin da aka zuba masa toka mai hazo za ta ba ki. Kamfani kuwa da wani gindin fenti na daban yake haɗa masu duhu, wanda farin cikinsa kaɗan ne. Ga shi kuma haɗin hannu in ya ƙare ana tsakiyar aiki, har abada ba za a sake samun irinsa daidai ba.

Mai ƙyalli ko marar ƙyalli

Nan na fi daɗewa ina wasiwasi. Fenti mai ruwa iri-iri ne: akwai mat, marar ƙyalli sam, akwai satin ko silik mai ɗan sheƙi. Sai fenti mai mai, gilos, wanda ake wa ƙofofi da ƙarafa.

A launi mai duhu babu abin da ya kai mat kyau, kamar karan-miski yake, kuma yana ɓoye 'yan kurakuran bango. Aibinsa ɗaya: in aka goga masa abu, wurin sai ya yi sheƙi, kuma ba ya komawa. Mu kuwa mutane ne masu zama a ƙasa mu jingina da bango. Kan da ya sha man kitso, kafaɗar maigida, hannun yaro da ya gama cin ƙosai, cikin wata biyu za ki ga layin sheƙi ya zagaye falo daidai tsayin mai zaune. Satin yana jure wannan, ana goge shi da ɗanyen tsumma, amma shi kuma duk wani tudu da ke bangon sai ya haska shi.

Abin da na tsayar: ɗakin barcin manya, mat. Falo da duk inda yara ke shiga, satin, da sharaɗin an yi wa bangon sikiridin mai kyau, wato siririn yaɓen da ke sa shi ya yi sumul. Gilos a bango kuwa a'a, sai ɗakin ya koma kamar jikin tankar mai.

Lissafi

Ɗauki ɗakin da aka saba, ƙafa 12 da 12, tsayi ƙafa 10. A mita, kowane bango 3.6 ne a faɗi, 3 a tsayi, bango huɗu sun ba da sikwaya mita 43 da 'yan kai. Cire ƙofa da taga, saura kamar 40. Lita ɗaya ta fenti mai kyau tana rufe kimanin sikwaya mita 10 a bango mai santsi, kuma kowane kamfani yana rubuta nasa adadin a jikin bokiti, ki duba. Ke nan hannu ɗaya zai ci lita 4, galan guda. Launi mai duhu ki yi masa lissafin hannu uku, wato galan 3, ko da biyu za su isa. In falo ne babba, bokitin lita 20 ya fi sauƙi. Ki sayi duka a rana ɗaya, a shago ɗaya.

Sauran kaya, wanda a Kano duk za a samu a Ƙofar Ruwa: firama (fentin shimfiɗa da ake fara shafawa), fila (abin cike ramuka da tsaga), samfefa mai lamba 120 da mai 220, rola mai inci 9 mai gajeren gashi da sandarta, burushi mai inci 2, faranti na rola, salatif na takarda, leda mai faɗi, wuƙar kankara, tsani. Kada a yi tsumulmula a rola. Mai araha gashi take zubarwa, kuma kowane silin gashi a bango mai duhu sai an gan shi.

Lokacin da ya dace

Watan Agusta bango a jiƙe yake, fenti ba ya bushewa da wuri, mai duhu kuma yakan yi wasu layuka masu maiƙo kamar hawaye in danshi ya yi yawa. Tsakiyar hunturu, Disamba zuwa Fabrairu, ƙura ce ke manne wa ɗanyen fenti, iska kuma ta busar da shi tun mai fenti bai haɗa layi da layi ba. Bazara ma haka, zafi ke busar da shi da wuri. Mafi dacewa shi ne bayan ɗaukewar ruwa, ƙarshen Oktoba zuwa tsakiyar Nuwamba, kafin hazo ya sauko sosai. In dole ce ta sa, kamar biki ya matso, to a fara da sassafe, a rufe tagar da iska ke shigowa ta nan, a yayyafa ruwa a tsakar gida, a kashe fanka yayin shafawa.

Gyaran bango

A fitar da kaya, abin da bai fitu ba a tara shi a tsakiya a rufe. A cire labule da ƙarfensa, a kashe wuta daga mita a kwance murafen soket da makunni. A shimfiɗa leda a manne bakinta da salatif a jikin siketin, wato layin da ke zagaye gindin bango.

Daga nan sai bincike huɗu, kuma ki tsaya a yi su a gabanki.

Ki shafa tafin hannunki a bango. In ya fito da farin gari, tsohon fentin ya mutu, ko kuma farar ƙasa ce aka taɓa shafawa. Duk abin da aka ɗora a kai ɓarewa zai yi. Sai an kankare, an wanke, an bari ya bushe.

Ki duba ƙasan bango, daga siketin zuwa gwiwa, da bangon da ya haɗa da banɗaki. In kin ga fenti ya kumbura ko wani farin abu kamar kanwa yana tsattsafowa, danshi ne. Don ki tabbatar, ki manna guntun leda a wurin, ki rufe bakinta huɗu da salatif, ki bar ta kwana biyu. In kin ɗaga kin ga raɓa a cikinta ko wurin ya yi duhu, ruwa na tafiya a bangon. A nemo inda yake fitowa, fayif ne ya fashe, ko ruwan sama ne ke kwanciya a gindin gini, a gyara. Wannan farin gishirin a bangon ruwan madara da ƙyar ake lura da shi, amma a kan ruwan gawayi kamar an watsa gari yake.

Ki gane irin tsohon fentin. A jiƙa auduga da sifirit a goga. In launi ya biyo audugar, mai ruwa ne, babu matsala. In bai biyo ba, mai mai ne, kuma fenti mai ruwa ba ya kama shi sai an kashe ƙyallin an sa firamar da ta dace. A nan a yi hattara: tsohon fenti mai mai yana iya ƙunsar dalma, gubar nan da ta hallaka yara a Zamfara a 2010, ko da yake can daga haƙar zinari ta fito. Kada a goge shi a bushe ƙura ta tashi. A jiƙa samfefar, mai aikin ya rufe hanci, yara da mai juna biyu su bar wurin sai an share an goge.

Na huɗu shi ne wanda na fi so. Da dare, a kashe fitila, ki ɗauki tocila ki kwantar da ita a jikin bango, haskenta ya bi fuskar bangon a kwance. Za ki sha mamaki. Bangon da kike gani sumul da rana zai fito da rami da tudu da sawun cokalin magini. Ki zagaye kowanne da fensir. In 'yan kaɗan ne, fila ta isa: a cike, ya bushe, a goge da 120, a bi da 220. In bangon duka haka yake, sai sikiridin, hannu biyu, a goge. Tsagar da ta wuce siririn gashi a ɗan buɗe ta da wuƙa kafin a cike, in ba haka ba filar a baki za ta tsaya. Bayan an gama, ki sake zuwa da tocilarki. Mai fentina har ya gaji da ni, ya ce, "Hajiya, ko asibiti ba a yi wa wannan binciken." Na ce, "Malam, ai asibiti fari ake shafa masa."

In sabon gini ne, a bar filasta ta yi aƙalla mako huɗu kafin a taɓa ta. Ɗanyen siminti yana cin launi.

Ƙarshe a share garin samfefa tas, daga sama zuwa ƙasa, da tsumma mai ɗan danshi.

Firama

Masu fenti da yawa suna tsallake ta, ko su tsinka fentin da ruwa su ce shi ne firama. Fila da sikiridin suna shan fenti fiye da sauran bango, don haka in ba a sa firama ba, duk inda aka cike zai fito dabbare-dabbare. A sabuwar filasta a nemi firama mai jure kaifin siminti. Sannan ga dabarar da ta rage mini galan guda: a ce wa masu haɗawa su rina firamar ta koma toka. In shimfiɗar fara ce, duk inda rola ta yi sakaci farin zai leƙo, sai an yi hannu uku ko huɗu. In toka ce, sau da yawa biyu sun wadatar. Hannu ɗaya, ta kwana.

Shafawa

Silin ake fara yi, don abin da ya ɗiga a rufe shi daga baya. Ni na bar nawa da haske, amma ba fari fat ba, fari mai ɗan ruwan madara, saboda fari fat a kan bango mai duhu yana yanka ido kamar murfin tukunya. In silin ɗin dogo ne sosai kuma akwai ado na POP, ana iya shafa wa tsakiyarsa launin bangon a bar kewayen.

A juye galan-galan ɗin duka a babban bokiti ɗaya a gauraya sosai, har ƙasa. Ko lamba ɗaya ce, galan da galan sukan ɗan saɓa, kuma a tsakiyar bango bambancin zai fito. Ruwa kuma iya abin da aka rubuta a jikin bokiti, a auna shi a gabanki. Yawan ruwa shi ne babban abin da ke kashe fenti mai duhu, ya bar shi da zane-zane kamar an yi kuka a kansa.

A manna salatif a bakin silin, siketin da firam ɗin ƙofa, a danne bakinsa da farce. Sannan bango ɗaya-ɗaya ake yi, a gama shi kafin a taɓa na gaba. Mutum biyu sun fi: ɗaya yana bin gefe-gefe da burushi, faɗin yatsu huɗu, ɗaya yana biye da shi da rola tun gefen bai bushe ba, yana matsawa da rolar kusa da kusurwa iyakar iyawa. In aka zagaye ɗakin duka da burushi tukuna, aka dawo da rola bayan awa guda, za ki samu kowane bango da firam kamar hoto. Kuskuren aikina na farko ke nan.

Mai rola ya ɗebi fenti daidai, ya zana kamar harafin W a faɗin mita guda, ya cike, sannan ya bi daga sama har ƙasa a tafiya ɗaya, ba dannawa. Kowane sabon layi ya hau kan na baya tun yana ɗanye. Ba a tsayawa a tsakiyar bango, ko waya ce ta yi ƙara, sai an kai kusurwa. In an hango wurin da bai ji ba bayan ya fara bushewa, a ƙyale shi, hannu na biyu zai rufe. Komawa a taɓa shi ne ke barin tabo.

Hannun farko zai ba ki tsoro. Zai fito da ratsi-ratsi, wani wuri duhu wani haske, har ki fara tunanin kin yi asarar kuɗi. Haka yake. Kuma ɗanyen fenti mai ruwa ya fi busasshe haske, sai ya bushe ainihin launin ke fitowa. Bokiti zai ce a jira awa kaɗan kafin hannu na biyu. A mai duhu ni kwana nake bari, don rinin da ke cikinsa yana da yawa, bushewarsa a hankali take. Bayan na biyu ya kwana, ki duba da rana, ki duba da tocila, sannan a yanke ko ana buƙatar na uku. Salatif kuma a cire shi tun hannun ƙarshe bai gama bushewa ba, a ja shi a hankali a karkace. In ya riga ya bushe, a bi bakinsa da reza kafin a ja.

Ƙofa da firam, ko a yi musu launin bangon da satin su ɓace a ciki, ko a bar katakon da kalarsa. Fararen soket a bango mai duhu kamar haƙora suke, in da hali a sauya su da baƙaƙe ko masu ruwan ƙarfe.

Fitila

Ƙwai ɗaya a tsakiyar silin shi ya mayar da falona rijiya. Bango mai duhu yana son haske daga wurare da yawa, kuma a ƙasa-ƙasa: biyu a jikin bango, ɗaya a tsaye a kusurwa, ɗaya a kan teburi, in akwai POP a zagaya siririyar fitila a cikin lungunsa. Ki duba kwalin ƙwan, za ki ga lamba da K a gabanta. Mai 6500K shi ne farin nan mai shuɗi-shuɗi da ya cika kasuwa, yana sa toka ta yi sanyi kamar ofis. Ki nemi 2700K ko 3000K, mai ruwan hantsi. Ƙwan LED mai wat 9 ba ya cin wuta, guda huɗu ba za su wahalar da inbata ba. Ki tabbata aƙalla biyu suna kan layin sola. Madubi babba a bangon da ke fuskantar taga yana ninka hasken rana kyauta.

Jera kaya

Nan ne daɗin yake, kuma ba sai na tsawaita ba, don idonki zai gaya miki. Duk abin da kika saka a gaban bangon nan sai ya fito. Faifai uku ko biyar masu launi a rataye, tiren tagulla aikin Bida, tum-tum na jar fata daga Kasuwar Kurmi, ƙwarya mai zane, allon zayyana, tabarmar kaba mai ruwan bambaro. Kayan da a farin bango ba a ko kallonsu, a nan sai baƙo ya tambaya ina kika samo.

Ka'ida ɗaya nake bi: manyan abubuwa biyu su zama masu haske, kafet da labule, ko kujeru da labule. Labulen ya taso daga kusa da silin ya sauka har ƙasa, ruwan madara ko ruwan yashi, a Kantin Kwari ba za a rasa yadin ba. In kujerunki baƙaƙe ne ko ruwan ƙasa mai duhu, za su nutse a bangon, sai ki cece su da filo masu haske da kafet mai haske a ƙarƙashi. Kuma kada ki cika bangon da tarkace. Kin kashe kuɗi a kansa, ki bar shi a gan shi.

Wani abu da ba a faɗa: sauro yana son laɓewa a wuri mai duhu, kuma a bangon nan ba za ki gan shi ba balle ki kai masa duka. Ragar taga ta zama lafiyayya. A ɗaya gefen kuma, hayaƙin turaren wuta da ke sa farin bango ya yi ja a saman kasko, a nan ba ya nunawa.

Kula da shi

Fenti yana bushewa a yini, amma ƙwarinsa sai ya yi mako uku zuwa huɗu. A wannan tsakanin kada a wanke, kada a jingina kujera, a bar tazarar yatsu huɗu. Bayan nan, lokacin hunturu, sau ɗaya a mako a ɗaura busasshen tsumma mai laushi a kan mofa a bi bangon daga sama zuwa ƙasa. Kada a fara da jiƙaƙƙe, ƙurar taɓo za ta zama ta bar sawu. Tabon hannu kuma, a satin, soso mai laushi da ɗigon sabulun wanke-wanke, a dangwala a hankali, a bi da ruwa, a tsane.

Ragowar fentin a juye shi a ƙaramar roba mai murfi yadda iska ba za ta samu wuri ba, a rubuta suna da lamba da ranar da aka shafa a jiki, a ajiye inda rana ba ta kaiwa. In wani wuri ya ƙwarzane, a ɗiga da ɗan ƙaramin burushi ko auduga, iya wurin kawai. In ɓarnar ta kai faɗin tafin hannu, faci zai nuna, gara a sake wa bangon nan ɗaya hannu guda daga kusurwa zuwa kusurwa.